Ɗaurin Kaguwa

Shekara talatin da ɗaya
Appa na shiga gidan abincin nan ta ƙofar baya,
kwandon kaguwa a ka, laka har gwiwa.
Yau na shigo da shi ta gaba.
Albashina na fari yana cikin jaka,
tun daga Kolambo nake lallaɓa shi kamar ƙwai a cokali.

Teburinmu na kan dakalin katako,
ƙarƙashinsa tafkin Batikalowa na numfashi,
ruwan zartsi, bai kai teku gishiri ba,
bai kai rijiya daɗi ba.
Yaro ya miƙo takardar abinci.
Appa ya karɓa hannu bibbiyu, ya kife ta,
ya danne da kofi kada iska ta ɗauke.

Bai dube ni ba. Tsuntsaye yake gaisarwa.
Ga zalɓe can a ƙafa ɗaya:
"Pushpam, tun zamanin kakarki
kifi guda wancan yake jira."
Kwasakwasa uku sun faɗo ruwa tim, kamar buhunan gishiri.
Shirwa mai farin kai na kewaya gadar Kalladi,
balbelu sun yi wa bishiyar gaɓa furfura,
hankaka kuwa, marar ta-ido,
ya sauka kusa da gishirinmu yana ƙirga mu.

Guza ya fito daga ƙarƙashin dakali,
tsawonsa ya kai filafili.
Baƙi suka miƙe da wayoyinsu, kujeru na ƙara.
Appa ƙafa kawai ya janye,
yadda ake ba maƙwabci hanya.

Sai aka kawo kwando mu zaɓa.
Kaguwa shida, da ransu, suna kumfa,
an ɗaure hannuwansu da igiyar ɓawon kwakwa.
Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta.
Zagaye biyu, zarge a hagu, wutsiya a soke.
"Ɗaurina ne," in ji shi. "Wa ya kawo?"
"Yogarasa," in ji yaron, "wani mai furfura."

"Furfura?"

Ya daɗe bai ce komai ba.
"Ni na koya masa. Yana ɗan shekara tara
kaguwa ta cafke masa babban yatsa,
ya yi kuka har masu taru suka waiwayo."
Na ga yana lissafi da yatsu a ƙarƙashin tebur,
lissafin bai yi masa daɗi ba.

Ya juya ta biyu. Cikinta dam da ƙwai,
ruwan lemo, kamar soso.
"Wannan ban koya masa ba.
Nawa ce?"
Yaron ya faɗi kuɗin da ya kai cefanen mako.
Appa ya dube ni, karon farko tun zamanmu.
Na buɗe jaka.

Da farce ɗaya ya warware ɗaurin.
Ya durƙusa a bakin katako, gwiwarsa na ƙara,
ya sake ta.
Ba ta yi sallama ba. Ta bi gefe, ta shige duhun laka,
zalɓe ya bi ta da ido, ya ƙyale.

Ɗayar muka ci.
Miyar kwakwa da barkono, ganyen zogale na yawo a kai,
jar shinkafa a ganyen ayaba.
Ya ture cokali, ya wanke hannu,
ya fasa ɓawo da haƙoran da suka rage masa,
ya zaro tsokar ya ajiye a gabana
kamar har yanzu ban iya ba.
"Tsamiya ta yi yawa," in ji shi,
ya suɗe yatsu biyar.

Magariba ta zubo, jemagu suka karɓi aikin tsuntsaye,
fitilun masu jatan lande suka kunnu ɗaya-ɗaya a kan ruwa.
Na biya. Muka tashi.
Ƙafarsa ta nufi ƙofar baya,
ta wajen tukwane da warin kifi.

Ban gyara masa ba.
Na ɗauki jakata na bi shi.